Sears Tower ya koma Willis, ribar wa?

Dan_Tasha: Jama'a wai don Allah meye amfanin canza wa benen nan na Chicago suna a 2009? Bene hawa 110 fa, kowa da Sears ya san shi.

Hajiya_Binta: Kuɗi ne malam. Willis, kamfanin dillancin inshora na Landan, sun kama hayar ofisoshi a ciki aka haɗa musu da sunan, su sun samu talla masu ginin kuma sun samu ɗan haya babba.

Abba_K: Amma abin da ciwo wallahi, har gobe mutanen Chicago da Sears suke kiran shi.

Hajiya_Binta: Duk da haka a 2015 kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi benen dala biliyan 1.3, mai saye kuɗin haya yake dubawa da masu tururuwa hawa na 103 su tsaya kan gilashi suna hango titi ƙasan ƙafarsu.