Taswirar tudu da kwari ta kyauta ko in kira safiyo?

Manomin Fadama: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da gonar shinkafa hekta 8 a wajen Hadejia, zan fitar da hanyar ruwa kafin rani. Yarona ya sauko da bayanan SRTM kyauta, wato awon tudu da kwarin ƙasa da aka ɗauko daga sararin samaniya, ya buɗe a manhajar taswira ta QGIS, wai sun isa mu gane gangara. In dogara da su, ko in biya safiyo?

Ɗan Jami'a: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka bar SRTM, tun Fabrairun 2000 kumbon Endeavour na Amurka ya ɗauko su. Copernicus, irin wannan awon amma na Turai, ya fi sabunta, shi ma kyauta ne.

Tsohon Injiniya: Yaro, duka biyun, kowane ɗigo a taswirar fili ne mai faɗin mita 30. Fadamar Hadejia shimfiɗe take kamar faifai, gangarar da Alhaji ke nema ba ta kai kamu biyu ba. Kuskuren bayanan ya fi gangarar kanta.

Mai Rake: Ni ta ci. Wani ya zana mini taswira mai launi, kore da ja, kyakkyawa wallahi. Muka haƙa kwana 9, leburori 14. Ranar da aka saki ruwa sai ya juyo baya ya kwanta a gonar maƙwabci. Ashe kan bishiyoyin mangwaro na'urar ta auna, ta ɗauka tudu ne. Har gaban mai unguwa muka je, na biya albasar mutum. Mai taswirar kuwa wayarsa a kashe har yau.

Ɗan Jami'a: Wannan laifin wanda ya karanta ne, ba na bayanan ba.

Mai Rake: Kai ka taɓa riƙe shebur?

Hajiya Mai Kaji: Ni da jirgi mara matuƙi aka auna mini, dubu 350.

Bakano: Haba Hajiya, an yanke ki. Dubu 80 na biya bara.

Hajiya Mai Kaji: Naka fili nawa ne? Ko bayan gida ka auna?

Sarkin Barkwanci: Alhaji, jira ruwan farko ka bi shi da ƙafa. Kakanninmu ba su san kumbo ba 😂

Bakano: Ni abin da ke cina, safiyo ya ba ni lambobi a ma'aunin Minna, wato tsarin awon ƙasa na Najeriya, wayata na kan WGS84, tsarin da GPS ke bi, iyakata ta faɗa cikin gonar ƙanena. Wata 7 ina zarya ofis a gyara takarda.

Mai Rake: Wata 7 kawai? Fayil ɗina shekara ta uku ke nan, wai ana nema.

Manomin Fadama: To jama'a, ni safiyon zan kira ko yaya?