Neman kalma: me za mu kira tsarin da ɗaliban kimiyya ke kwana wuri ɗaya, su yi karatu tare?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman Hausar abin da jami'o'in Amurka ke kira "living-learning community". Tsari ne da ake tara sababbin ɗalibai masu fanni ɗaya, musamman kimiyya, injiniyanci da lissafi, a hawa ɗaya na ginin kwana, a kuma haɗa su a darussa. In aka bi kalma da kalma sai a samu "al'ummar zama da koyo", kuma kunnen Bahaushe ba zai kama komai a nan ba. Ina son abin da bai wuce kalma biyu ko uku ba, wanda za a iya faɗa a rediyo.

Malamar Kemistiri:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna, bari a ga jinjirin. Abu huɗu ne sai sun haɗu. Akwai wurin kwana: hawa ɗaya ko ɓangare ɗaya na gini, da ɗakin bita mai allo a cikinsa. Akwai rajistar darussa tare, kuma a kanta komai ya dogara: ana ware musu kujeru a aji ɗaya na kalkulas (wani reshen lissafi) da kemistirin shekarar farko, a ƙara musu ɗan ƙaramin darasi na yunit ɗaya, sau ɗaya a mako, yawanci mutum 20 zuwa 25, inda ake koya musu rubuta rahoton gwaji, tsara lokaci, da yadda ake sallama wa farfesa a nemi gurbi a ɗakin bincikensa. Sai manyan ɗalibai 'yan aji biyu ko uku da suka riga suka ci waɗannan darussa, suna kwana a hawan. Sai malami mai kula da tsarin, hannu da hannu da ofishin gidajen ɗalibai. In aka cire rajistar, hostel ne kawai aka manna wa suna a ƙofa.

Malam Mai Tarihi:
Ni kuwa ban ga abin wahala ba: tsangaya. Almajirai sun baro gida, suna kwana kusa da malaminsu, gardi yana biya wa ƙolo, dare ya yi a kewaye wuta da alluna. Wanda ake jingina wa asalin tsarin a Amurka, wato Alexander Meiklejohn, shi ma haka ya yi tunani. Ya buɗe kwalejinsa ta gwaji a Jami'ar Wisconsin a 1927, ɗalibai na kwana a ginin Adams Hall, ofisoshin malamansu ma suna cikin ginin, har aka rufe ta a 1932. Ta ɓangaren kimiyya kuma ga Kwalejin Lyman Briggs ta Jami'ar Jihar Michigan, tun 1967: ɗakin kwana, aji, ɗakin gwaji da ofishin malami duk a Holmes Hall. Wannan ai tsangaya ce tsaf.

Mai Fassara:
Allah ya gafarta Malam, ma'anar ta zauna daram, amma an riga mu ɗaukar kalmar. A jami'o'inmu da jaridu tsangaya ta zama sunan babban reshen jami'a mai ƙunshe da sassa. Duk wanda ya ji "tsangayar kimiyya" yau, ofishin shugaban tsangaya zai tuna, ba gadon ɗalibi ba. In muka ce "tsangayar kwana" kuma za a ɗauka reshen jami'a ne da ke karatun dare.

Injiniya:
"Makarantar kwana" ma kada a kawo ta, ta zama ta sakandare. "Masaukin karatu" kuma baƙo yake nunawa, wanda zai kwana biyu ya wuce. Shawarata a duba inda tsarin yake lalacewa, don a san abin da dole sunan ya riƙe.

Matsalar farko jarrabawar tantance lissafi ce. Ɗalibai 40 za su sauka a hawa ɗaya, amma sakamakon ya raba su gida uku: wasu a share fagen kalkulas, wasu a kalkulas na ɗaya, wasu sun tsallake zuwa na biyu. In ba a tsara ɗakunan bayan fitar sakamakon ba, maƙwabcinka ba aikin gida ɗaya kuke yi ba, ɗakin bita sai ya koma wurin hira. Ta biyu, ofishin gidaje yana raba gadaje da nasa jadawalin, ofishin rajista yana buɗe kujeru da nasa. In ba a killace kujerun tun kafin buɗe rajista ba, wasu za su cike su. Ta uku, a ɗora wa babban ɗalibi aiki biyu, shi ne mai biya karatu, shi ne kuma mai kai rahoton wanda ya karya doka. Yaron da ya ci 30 cikin 100 a gwajin farko ba zai kai takardarsa wurin mai rubuta sunansa ba. A raba aikin biyu. Ta huɗu, wanda ya sauya fanni a tsakiyar shekara: gadonsa yana nan, amma kowa ya tafi ɗakin gwaji ya bar shi.

Kun ga duk wurin aikin tare ake samun ɓaraka, ba wurin kwanan ba. Ko binciken masanin lissafi Uri Treisman a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a shekarun 1970 abin da ya nuna ke nan: ɗaliban kalkulas masu zama tare suna gyara wa juna kuskure sun fi masu kulle kansu a ɗaki samun nasara.

Baba Manomi:
To ku saurari tsoho. Gida ɗaya, aiki ɗaya, babba a kai, ƙanana na koyo daga yayyensu, wannan a Hausa gandu ne. 'Ya'ya na zaune gidan uba, da safe a fita gonar gandu tare, a ci daga rumbu ɗaya, mai gandu ya samar da garma da iri. Kuma ba a hana kowa gayaunarsa, da yamma ya je ya yi nasa. Ɗalibin ma haka: darussa biyu ko uku na gandu ne, sauran nasa ne. Ku ce "gandun karatu".

Malamar Kemistiri:
Baba, ta shiga kunnena. Damuwata biyu ce. Yaran birni da yawa gandun daji kawai suka sani. Sannan gandun sarki yana da tarihin bauta, kuma wannan tsari ba tilas a cikinsa. Ɗalibi ne ke cike takarda ya nema, wani wurin ma har da ɗan ƙarin kuɗi. Wannan zaɓin kai yana da muhimmanci ko wajen auna amfaninsa, domin masu nema galibi dama masu himma ne. Shi ya sa kwatanta makinsu da na sauran ɗalibai kai tsaye yake ruɗarwa, sai an gwada su da waɗanda suka shigo da maki irin nasu.

Malam Mai Tarihi:
Malama, "karatu" da ke biye ta wanke wannan, kamar yadda "daji" ya ba gandun daji tasa ma'anar. Na janye tsangaya. Jam'in ma a shirye yake, gandaye. A gwada: "Jami'ar Virginia Tech tana da gandayen karatu biyu na injiniyanci, Hypatia da aka kafa a 2001 domin mata, da Galileo da ya biyo baya a 2005." Harshe bai yi tuntuɓe ba.

Mai Fassara:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Na ɗauki "gandun karatu", kuma a ambaton farko zan bi shi da bayani: ɗalibai masu fanni ɗaya da ke kwana wuri ɗaya, suna ɗaukar darussa tare. Zan rubuta "gandun karatun kimiyya da injiniyanci", in kauce wa "fasaha" ita kaɗai, tunda a sunayen tsangayoyinmu tana nufin ɓangaren harsuna da adabi. Malami mai kula shi ne mai gandu. Saura manyan ɗaliban. Ko "yayan karatu"?

Injiniya:
A baki ta yi, a rubuce akwai tarko. Yawancin masu rubutu a waya ba sa saka ɗigon sama, "yayan karatu" da "'ya'yan karatu" za su fito iri ɗaya, mai koyarwa ya koma wanda ake koya wa. Tunda tsangaya ta kuɓuce mana, mu ari gardinta: gardin gandu, jam'i gardawan gandu. A gandun mata kuma a ce babbar ɗaliba.