Wa ya taɓa zana sandunan ƙidaya kan wuraren tarihi? Ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Malamin Lissafi, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya ina koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare zanen sanduna, wato ba-cat ɗin nan da ake jera sanduna kowace tsawonta daidai da yawan abin da take wakilta, to ni dai na gaji da misalin littafi, kullum lemu nawa mangwaro nawa, sai na ce bari in ɗauko data ta gaske, wato jerin wuraren gado na duniya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke riƙe da shi. Kwamfuta babu a makarantarmu balle wuta, don haka na sa yara suka kawo karan dawa daga gida. Muka yi ƙa'ida, wuri ɗaya santimita 5. Najeriya wuri 2 gare ta, Sukur can Adamawa da aka saka a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005, karanta ya fito ɗan guntu, da kaɗan ya fi sabon alli. Nijar 3, Mali 4, Masar 7. Da muka zo kan Italiya mai 60 a lissafin 2024 sai ga mita 3 cur, kara ɗaya bai isa ba sai da muka haɗa biyu muka ɗaure da kaba, allo ya kasa ɗauka muka ture bencina muka kwantar da su ƙasa tsakar aji. Yara suka yi tsit suna kallo. Can wani ɗan Argungu da ke zama baya ya ɗaga hannu ya ce Malam to ina bikin kamun kifinmu, ai babana ya ce UNESCO ta san da shi. Na duba takardata sama da ƙasa babu Argungu. Wallahi kame-kame na yi har aka buga ƙararrawa. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya faɗo mana abin da ya gani don Allah.

Bakabiya:
Wa alaikumus salam Malam. Yaron nan da gaskiyarshi, kai ma da taka. Jeri biyu ne ba ɗaya ba, ni ma nan na faɗi lokacin da nike furojet ɗina na gama makaranta. Wanda ka ɗauko na yarjejeniyar 1972 ne, shi wuri yake ƙirgawa, abin da za ka iya zuwa ka taka da ƙafa a shata mai iyaka, gini ko kufai ko daji ko dutse. Akwai kuma na yarjejeniyar 2003, na al'adun da ba a taɓawa da hannu, biki, waƙa, sana'a, to a nan ne anka saka bikin Argungu a 2016, hawan Daba na Kano ma ya shiga a 2024. Ni kuwa na haɗe su duka cikin sanda guda na rubuta Najeriya a ƙasa, ina ta murna sandarmu ta yi tsawo, malamin da ke duba ni ya zagaye ta da jan biro ya ce kin tara awaki da kaji kin ce garken shanu. Kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba.

Na Kantin Kwana:
Ni fa da na ga ana ta cewa data data na ɗauka rabon data ake, har na shirya lambata. Ku ci gaba muna karatu.

Mai Kafe, Jega:
Hhhh Na Kantin Kwana Allah ya shirye ka. Malam ni ɗalibai ke kawo min irin wannan aikin in buga musu, to ga ramin da na faɗa. Shafin UNESCO na bada jerin gaba ɗaya a fayil na Excel, na sauke, na ce wa kwamfuta ta ƙirga min duk layin da aka rubuta Niger, ta ba ni 2. Yarinyar ta ce a'a malaminsu ya ce 3 ne, na ce ke kwamfuta ba ta ƙarya, muka yi ta musu har ta kusa kuka. Ashe dajin W ne ya ɓace. An saka shi a 1996 na Nijar kaɗai, a 2017 aka faɗaɗa shi ya haɗa da Arly ta Burkina Faso da Pendjari ta Benin, sai suka rubuta sunan ƙasashen uku cikin ɗaki ɗaya, ita kuma kwamfuta ta ɗauke shi wata ƙasa ce daban mai dogon suna ta yi mata sandarta can gefe. Da na gyara na raba wa kowace nata sai wata matsalar ta ɓullo, in ka tara sandunan duka sai su fi jimillar wuraren yawa tunda wuri ɗaya an ƙirga shi sau uku. Babu yadda za ka yi, sai dai ka rubuta ƙarƙashin zanen cewa haka ka yi. Na mayar mata da kuɗin bugun farko dai.

Tsohon Akawu:
Malam sannu da ƙoƙari, karan dawan nan ya fi min kwamfuta, domin kara ba ya iya farawa daga tsakiya, dole daga tushe za a auna shi. Jikana ya nuna min nasa a waya, Italiya 60 Sin 59 a lissafin 2024, amma sandar Italiya ta fi ninkin ta Sin. Na ce kawo in gani, na sa tabarau, sai na ga layin tsaye mai lambobi na gefen zanen bai fara daga sifili ba, manhajar da kanta ta fara shi daga 58 da wani abu saboda lambobin sun yi kusa da juna. Bambancin ɗaya tak ya koma kamar rafi da gulbi. Wannan dabarar na san ta tun ina aiki, akwai wani maigidana da in za a kai rahoto sama yakan ce a yanke gindin sandunan don bana ta fi bara nesa ba kusa ba, ba zan faɗi ofis ba, mutumin ma ya riga mu gidan gaskiya Allah ya gafarta masa. Ku koya wa yara kafin su kalli kan sanda su fara duba gindinta.

Malamin Lissafi, Birnin Kebbi:
Baba na gode, wannan ai darasi ne guda na ranar Litinin. Bakabiya kin fitar da ni kunya, gobe zan nemo yaron.

Ɗan Gusau:
Ku Kabawa ko ba komai kuna da Argungu a wancan jerin. Ni da na yi nawa na jihohi ne, na ce bari in ga Zamfara, sai sifili, babu sanda sai suna kawai a ƙasa. Abin ya ɗan sosa min rai na ci gaba da tono, sai na gano akwai jeri na uku, na wuraren da ƙasa ta ce tana da niyyar gabatarwa, kamar dai layin jira. Kuyambana tamu, kufan tsohon garin nan, tana ciki tun 1995, ku duba fa, kafin ma a yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996. Surame tana ciki tun 2007, ganuwar Kano ma 2007. Sai na canja tambayar, maimakon wuri nawa na zana shekara nawa kowanne ya yi yana jira, nan ne fa sandar Kuyambana ta miƙe ta yi tsawo, tsawon da ba na alfahari ba. Kuma kowa ya san halin da dajin nan na wajen Ɗansadau ke ciki yanzu, wa zai shiga ya auna kufai ya ɗauki hoto.

Bakabiya:
Yaya Ɗan Gusau Allah ya kawo mana sauƙi. Amma Surame ɗin nan ta ba ni ciwon kai, birnin Kanta ne, nan Muhammadu Kanta ya kafa hedikwatar Kabi a ƙarni na 16 da ganuwarta ta duwatsu, amma yau kufan na cikin jihar Sakkwato. To in kana zanen jihohi wace sanda za ka ƙara ma? Na sa ta Sakkwato don haka taswira ta ce, kawuna ya gani ya ce in cire sunanshi daga godiyar furojet.

Sarkin Musu:
Ku daina wahalar da kanku, Turawa ne ke rabon kuma kansu suke zuba wa. Na yi na yankuna a Google Sheets, Turai da Arewacin Amurka sun kwashe kusan rabi, Afirka ko ɗaya cikin goma ba ta kai ba. Afirka fa, inda ɗan Adam ya fi daɗewa. Mi ya rage a faɗi.

Mai Kafe, Jega:
Sarkin Musu tsaya, sandar Afirka ɗin da ka gani ba Afirka duka ba ce. UNESCO yanki biyar ta kasa duniya, kuma Masar da Maroko da Tunisiya da Aljeriya da Libiya da Sudan da Muritaniya duk tana lissafa su cikin ƙasashen Larabawa. Wato dalar Giza ba ta cikin sandar da ka kira Afirka. In ka dawo da su za ta ƙaru, ba za ta kamo Turai ba ko kusa, wannan gaskiyarka ce, amma a faɗi abin yadda yake.

Malama Mai Tarihi, Gwandu:
Ni ina tsakiya. Rinjayen Turai gaskiya ne, su kansu masu jerin sun amsa haka tun 1994 da suka fito da tsarin daidaita shi. Amma ɗana Sarkin Musu ka sani UNESCO ba ta yawo tana tsintar wurare, ƙasa ce ke kai nata, ta fara sa shi a layin jira, ta haɗa kundi mai taswira da iyaka da tsarin kulawa da dokar da ke kare wurin, masana su zo su duba, sannan kwamitin ƙasashe 21 ya yanke. Wannan kundin kuɗi ne da shekaru da ma'aikata. Habasha ba Turai ba ce amma tun zubin farko na 1978 ta shigar da biyu cikin 12, Lalibela da Simien, Senegal ta shigar da tsibirin Gore. Saboda haka ni abin da na gaya wa ɗalibaina, gajeren karan nan na Malam ba tarihinmu ya auna ba, kundin da muka kammala muka kai ya auna. Ga hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo nan ina hangensa daga ƙofar gidanmu, baƙi na zuwa ziyara har daga Nijar, ba ya cikin sandar kowa kuma bai ragu da komai ba.

Wani abu da na gwada da ya fi ba ni sha'awa shi ne raba sanda launi biyu, masu lafiya da waɗanda ke jerin haɗari. Mali tana da 4 ta fi mu, amma Timbuktu da kabarin Askiya na Gao sun shiga jerin haɗari a 2012, Jenne a 2016, saura Bandiagara kaɗai. Yara da suka ga kashi uku cikin huɗu ja ne sai hassadar Mali ta ragu.

Sarkin Musu:
Malama na ji, amma ban sauka duka ba.

Ɗan Kamba:
Mu nan bakin iyaka muna shiga Nijar kamar ɗaki da falo, to ni abin da ya ɗaure min kai shi ne ƙirga wuri ɗaya-ɗaya kamar duk girmansu guda. Kurmin Osun hekta 75 ne, Ayir da Tenere ta Nijar ta fi hekta miliyan 7 da dubu 700, amma a zanen kowanne ɗaya ne. Na gwada zana faɗin ƙasa maimakon yawa, sandar Ayir ta cika fuskar waya, ta Osun da ta Sukur ko ɗigo ba a gani, na yi ta zumin babu. Haka in aka raba wuraren iri-iri, a 2024 wurare 1,223 ne, 952 na al'ada, 231 na halitta, 40 masu haɗa biyun, za ka ce na halitta ba su da yawa, alhali in ƙasa za a auna su ne manya. Ban san wanne ya fi gaskiya ba sai na ajiye duka biyun gefe da gefe.

'Yar Bakin Matan Fada:
Nawa ba na duniya ba ne, na gida ne. Bikin 2020 da anka dawo da shi bayan shekarun da ya yi ba a yi ba, ni da ƙawata munka ɗauki littafi munka tsaya kusa da gidan tarihi na Kanta muna roƙon baƙi su rubuta garin da sunka fito, wai mu ga ina ya fi kawo mutane. Ranar kamun ma ba mu samu kowa ba, ana jin harbin bindiga kowa ya ruga gulbi kallon masu homa da gora, mu ma munka bi. Da munka zo zanawa sai ga Birnin Kebbi ta rabu gida huɗu, wani ya rubuta B/Kebbi, wani BK, wani Birni kawai, Sakkwato da Sokoto sun zama gari biyu, wani bawan Allah kuma ya rubuta Najeriya. Sanduna sun fi talatin duk gajeru, sunaye sun hau kan juna ba a karantawa. Dare guda munka yi muna haɗe su da hannu, sannan munka kwantar da sandunan a kwance don sunan ya samu wuri, munka jera daga babba zuwa ƙarami. Mai Najeriya dai har yau yana nan cikin sandar "sauransu".

Malamin Lissafi, Birnin Kebbi:
Jama'a na dawo da rahoto. Yau na kai kara kala biyu, na dawa na wurare, na gero na al'adu, na ce kar wanda ya ɗaura wani kan wani. Na kira yaron na ce babanka ya yi gaskiya, shi ya yanka guntun Argungu da kansa da reza ya ƙi bari kowa ya taɓa. Na kuma yi musu wasan Baba Akawu, na ɓoye gindin karan Italiya da na Sin ƙarƙashin tabarma na bar kawunan waje, na ce wa ya fi, suka ce Italiya ta ninka, na janye tabarma aji ya kaure da ihu har mataimakin shugaba ya leƙo. Yanzu sun ce sai an yi na layin jira irin na Ɗan Gusau. Mai Kafe don Allah in akwai fayil ɗin nan a wajenka ka buga min shafin Najeriya kawai, ranar kasuwar Jega zan aiko direba ya karɓa.

Mai Kafe, Jega:
An gama Malam, amma tawada baƙa ce kawai, mai kala ta ƙare.