Ranar da yatsa ya ƙi buɗe kwamfuta: ku ba mu labarinku

Abban Safiyya: Jama'a, sallama. Kusan shekara biyu ke nan da yatsa nake buɗe kwamfutar cinyata, sai jefi-jefi nake buga lambar sirri. Makon jiya wuƙa ta yanke ni a manuniya, aka naɗe da filasta. Na zo buɗewa ta nemi lamba, wallahi ta ɓace mini ƙaf. Ga shi yatsa ɗaya tilo na yi wa rajista. Sai da na bi ta asusuna aka turo wata lamba a waya, sannan na saita sabuwa, rabin yini ya tafi. Wa irin wannan ya taɓa samu?

Uwar Biyu: Allah ya sawwaƙe, Abban Safiyya. Ni tawa matsalar ruwa ce. In na gama wanki, fata ta yi laushi ta tattare, ko sau nawa na ɗora ba ta gane ni. Lokacin sanyi kuma fatar ta bushe ta tsattsage, duk kanwar ja ce. Yanzu yatsu uku na sa, biyu a dama, ɗaya a hagu.

Mai Gyara: Hajiya ta yi dabara. Yawancin na'urorin ba hoto suke ɗauka ba, bambancin lantarki suke aunawa tsakanin tudu da kwarin zanen fata, shi ya sa jiƙa ko maiƙo ke ruɗa su. Abban Safiyya kuwa, ka yi haƙuri, laifinka ne. Windows Hello, tsarin buɗe kwamfuta da yatsa ko fuska da ya zo tare da Windows 10 a 2015, ba ya yarda ka sa yatsa sai ka fara saita lamba, don dai irin wannan rana. Masu MacBook, da nasu tsarin yatsan, Touch ID, ya iso musu a 2016, ba su cika mantuwa ba, saboda duk aka kashe aka kunna sai an buga kalmar sirri, haka ma in yatsa ya faɗi sau biyar a jere. Da haushi nake ji, yanzu na ga amfaninsa.

Amma abin da ya fi damuna daban ne. An taɓa kawo mini kwamfutar da allonta ya mutu, mai ita yana ta alfaharin ba mai iya shiga sai da yatsansa. Da izininsa na zare faifan ajiyar, na jona a tawa, ga takardunsa da hotunansa baje. Bai kunna BitLocker ba, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan faifan. Yatsa ƙofa ya tsare, bai kulle kayan ciki ba. Masu Mac, naku FileVault ne.

Ɗalibar Lissafi: Yaya Mai Gyara, to zanen namu ina yake tafiya? Ni tsoron da ya hana ni sawa ke nan. Kalmar sirri in ta fallasa sai a canza, yatsa fa?

Mai Gyara: Ƙanwata, a cikin kwamfutar yake zama, kuma ba hoton ake ajiyewa ba, lissafin siffarsa ne a rufe. Sai dai ba zan ce miki ba a karya shi ba. A 2023 masu bincike na Blackwing Intelligence sun tsallake shi a kwamfutoci uku, ta Dell da ta Lenovo da ta Microsoft, amma sai da kwamfutar ta shigo hannunsu, aka kuma sha aiki.

Baban Gida: Ku kuna ta masu bincike, ni ɗana mai shekara bakwai ne ya gama da ni. Barci ya kwashe ni a kujera, ya jawo hannuna a hankali ya danna, na farka na tarar yana kallon katun. Kalmar sirri dai da bai isa ya zaro ta daga kaina ba.

Abban Safiyya: Baban Gida, ka sa ni dariya har ciwon ya motsa. Na ƙara babban yatsan hagu ɗazu. Malam Mai Gyara, wancan BitLocker ɗin ya ba ni wani mabuɗin ceto mai lambobi 48, a ina ya kamata in adana shi?