Neman kalma: me za mu kira chloride channel da Hausa?

Jama'a don Allah ina neman taimakonku kan wata kalma da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ina rubuta bayanin yadda ƙwayar halitta take sarrafa gishiri ne sai na zo kan chloride channel na cije, har na rubuta "tashar kulorayid" na goge, don tasha a kunnenmu ko ta mota ce ko ta talabijin, ba wanda zai ji ta ya hango ɗan rami a jikin tantani.

Wasu sun riga sun kawo shawarwari, irin su famfo da magudana, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Bari in faɗi mene ne abin tukuna. Kowace ƙwayar halitta a lulluɓe take da tantani na kitse, shi kuma kulorayid, wato rabin gishiri kenan ɗaya rabin sodiyam ne, ba ya iya ratsa kitse saboda cajin da yake ɗauke da shi. To sai ƙwayar ta ƙera furotin mai rami a tsakiya ta dasa a tantanin, kulorayid ya riƙa bi ta nan. Furotin ɗin ba ya tura shi, shi da kansa yake gangarawa inda yawansa da caji suka ja shi, saboda haka wanda ya ce famfo ya yi haƙuri, famfo da ƙarfi yake turawa.

Malam da ka kawo "magudana", na gode sosai kuma na daɗe ina juya ta. Inda ta gaza shi ne magudana kullum a buɗe take, wannan kuwa buɗewa take tana rufewa, kuma sai an ba ta izini. Ɗauki CFTR, ɗaya daga cikin irin waɗannan furotin masu rami, wadda aka gano ƙwayar gadonta a 1989, sai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aiki, ya manna mata wani ɗan sinadari mai suna fosfet sannan ATP, sinadarin da yake ba ƙwayar halitta ƙarfi, ya zauna a kanta kafin ta buɗe. Kwalara ma ta nan take shammatar mutum, dafinta yana sa izinin nan ya ƙi yankewa a hanji, kulorayid ya yi ta kwarara, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su, shi ne gudawar nan mai zuba kamar ruwa wadda take ƙarar da ruwan jiki cikin sa'o'i kaɗan.

"Mashiga" da "mafita" duk na ajiye su. A hanji da hanyoyin iska na huhu CFTR fitar da kulorayid take yi, a bututun gumi kuwa maido shi ciki take, shi ya sa wanda tasa ba ta aiki guminsa yake da gishiri sosai har likitoci suke auna gumin don gano cutar sistik faiburosis, cutar gado da lalacewar CFTR take jawowa.

Saura ƙofa da kafa. Ni dai kafa ta fi kwanta min, muna cewa kafar allura, kafar hanci, abu ne ɗan mitsitsi da ba komai ke wucewa ta ciki ba, kuma daman wannan tana zaɓe ne, mai irin cajin kulorayid ya wuce, sodiyam ya tsaya. 'Yar'uwar da ta ce ai kafa ba ta rufuwa, gaskiyarki, amma ina ganin sai mu ba ta ƙyaure. Kafar kulorayid, ɓangaren da yake buɗe ta ya rufe kuma ƙyauren kafa. Gwada a baki ki ji: dafin kwalara yana hana ƙyauren kafar kulorayid rufuwa. Wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba ma zai gane.

Akwai kalma ta biyu da ta fi wannan damuna, trafficking, wato yadda ake kai kafar daga inda aka ƙera ta zuwa tantani. Kowa safara zai ce, amma safara ta riga ta ɓaci a kunne, safarar mutane, safarar ƙwayoyi, balle a ce safara a cikin ƙwayar halitta ai sai mai karatu ya ɗauka laifi ake. Ni jigila nake so, don abin da ake yi kenan, ana ƙera kafar can ciki, a naɗe ta a duba lafiyarta, a wuce da ita Golji, sashen ƙwayar da yake shirya kaya kafin a aika, a sa ta a ƴan jakunkuna a kai tantani, bayan wani lokaci a janye ta ciki, wata a maido wata a narkar. Ka ga ƙwayar tana da hanya biyu ta sarrafa kulorayid kenan, ko ta taɓa ƙyaure ko ta ƙara ko rage yawan kafofin da ke kan tantani.

Kuma wallahi bambancin nan rayuwar mutane ce. CFTR amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, 1480 gare ta, a yawancin masu sistik faiburosis guda ɗaya tak ya ɓace, na 508, sai naɗin ya karkace, masu dubawa su riƙe ta a ciki su narkar da ita, kusan ba ta isa tantani sam, majina ta yi kauri ta toshe huhu. Matsalar jigila ce tun kafin a zo maganar ƙyaure. Maganin ivacaftor da aka amince da shi a Amurka a 2012 ƙyaure yake riƙewa a buɗe, shi kuwa Trikafta na 2019 ivacaftor ɗin ne aka haɗa da wasu biyu masu gyara naɗi don kafar ta isa inda za ta. In ba mu da kalmomi biyu daban ta yaya za mu yi wa iyayen yaro bayanin me kowane magani yake yi?

Abu ɗaya ya rage da nake so masana su sa baki. A dangin ClC, wani rukunin furotin da kulorayid yake bi ta cikinsu, akwai irin su ClC-5 da ClC-7 da bincike ya nuna musaya suke yi, kulorayid biyu su wuce haidurojin ɗaya ya bi ta kishiyar hanya, su kam kafa ba ta dace da su ba. Na rubuta "mai musayar kulorayid" na ajiye, in akwai mai wadda ta fi ta gajarta ya kawo.