Gurguzu ne ya gyara Suwidin, ko kasuwa?

Ɗan Autan Inna: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake. Kwana uku ke nan Inna na kwance a asibiti, kuma wallahi ba abin da ba a rubuta mana mu sayo ba: ledar ƙarin ruwa, sirinji, auduga, har safar hannun da za a sa a duba ta. Jiya da daddare na yi waya da ɗan kawuna da ke Suwidin. Matarsa ta haihu, ya ce abin da suka biya bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, sannan an ba su kwana 480 su raba tsakaninsu su yi raino, ana biyansu. Yaransu kuma har jami'a ba kuɗin makaranta. Ni dai na yanke hukunci, gurguzu kaɗai ke sa gwamnati ta san darajar talaka. Jari-hujja ya gama da mu.

Uwar Biyu: Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Alhajin Kwari: Amin. Amma ƙanena, ka janye kalmar nan ta gurguzu. Wa ya ce maka Suwidin ƙasar gurguzu ce? IKEA, Volvo, Ericsson, H&M duk na 'yan kasuwa ne. Gidan Wallenberg kaɗai sun fi shekara ɗari suna riƙe da banki da manyan kamfanonin ƙasar. A 2015, da Bernie Sanders, ɗan siyasar Amurka, ya dinga kafa misali da Suwidin da Denmak, firaministan Denmak na lokacin, Lars Løkke Rasmussen, ya je jami'ar Harvard ya ce da bakinsa ƙasarsa ba ta gurguzu ba ce, kasuwa suke bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jikan 'Yan NEPU: Alhaji, da girmanka, mutumin da ka kawo ɗan jam'iyyar masu son kasuwa ne, me kake so ya ce? Kuma ana maganar Suwidin ka tsallaka Denmak. Jam'iyyar ma'aikata ce ta mulki Suwidin daga 1932 zuwa 1976, kusan ba yankewa, ita ta kafa duk abin da yaron nan yake sha'awa. Olof Palme, tsohon firaministan Suwidin, bai taɓa jin kunyar kiran kansa ɗan gurguzun dimokuraɗiyya ba. Shi ba mai ɗaki ba ne?

Malamin Islamiyya: Ku dai bi kalmar nan a hankali. Gurguzu aƙida ce ta ƙin addini, ku tambayi Musulmin da suka zauna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet masallatai nawa aka rufe musu. Mu muna da zakka da baitulmali da waƙafi, ba mu da buƙatar aro.

Jikan 'Yan NEPU: Allah gafarta Malam, wannan kwaminisanci kake faɗa. Gurguzu a Hausarmu tarayya ce, a haɗu a yi abu gaba ɗaya. Da irin wannan jifan aka jefi Malam Aminu Kano, alhali malami ne ɗan malamai.

Malamin Islamiyya: Kada ka sa min magana a baki. Ban ambaci Malam Aminu ba.

Mazaunin Malmo: Ku ba ni dama, shekara goma sha ɗaya nake nan Malmo, a Suwidin. Abin da ɗan'uwa ya ji gaskiya ne, amma ba a gaya masa wanda ke biya ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin da ake yanka wa haraji ƙaramar hukuma da yanki ke ɗauka, direban bas ma bai tsira ba. Yawancin kayan da za ka saya akwai harajin kashi 25 a kai, a gida Najeriya kashi 7.5 ne. Ba masu kuɗi kaɗai ake tatsa ba, kowa ne. Har ma an soke harajin gado a 2004, na dukiya a 2007. Nan babu dokar mafi ƙarancin albashi, ƙungiyoyin ƙwadago ne ke zama da masu kamfani su daidaita, al'adar da ta kafu tun yarjejeniyar Saltsjöbaden ta 1938. An taɓa gwada abin da ya yi kama da gurguzun gaske: asusun da zai sa ƙungiyoyin ma'aikata su riƙa sayen hannun jarin kamfanoni a hankali. An fara a shekarun 1980, masu kamfani suka fito zanga-zanga a Stockholm, aka soke shi farkon shekarun 1990. A 1992 bankuna suka shiga uku, har babban banki ya kai kuɗin ruwa kashi 500 na ɗan lokaci don kare kuɗin ƙasar. Daga nan aka yi gyare-gyare, amma ba a rushe asibiti da makarantar kowa da kowa ba.

Ɗan Garejin Mota: Kai da ka gudu ka bar mu a wahala, yanzu kai ne za ka yi mana lacca?

Mazaunin Malmo: Karatu ya kawo ni, maigida, kuma duk wata ina aiko wa gida.

Ɗan Garejin Mota: To ka dawo mana in ka isa.

Uwar Biyu: Don Allah ku bari. Yaron nan uwarsa ce ba lafiya.

Jikan 'Yan NEPU: To a bar Suwidin. Norwe fa? Sun samu mai a Ekofisk a 1969, mu tun 1956 aka samu a Oloibiri. Gwamnatinsu na da kashi 67 na kamfanin mai na Equinor, tana karɓar kashi 78 na ribar masu haƙar mai, tana tarawa a asusun da ya haura dala tiriliyan ɗaya. In wannan ba gurguzu ba ne, mene ne sunansa?

Alhajin Kwari: Ina ake zuba kuɗin asusun? Hannun jarin kamfanonin duniya suke saye da shi, har na Amurka. Kasuwa dai. Kuma ku 'yan PRP ku ne kuka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Ka ji abin da na Malmo ya ce, can kowa biya yake. Ku kuna son asibiti irin nasu, ba kwa son haraji.

Jikan 'Yan NEPU: Harajin da ake ɗaure talaka a rana a kansa? Kakana sai da aka kulle shi saboda harajin nan. Kar ka haɗa shi da na Turai. Rimi, gwamnan Kano na lokacin, ya yi daidai.

Ɗan Garejin Mota: Au, ashe ɗan Santsi ne, ɓangaren Rimi a PRP! Ku da kuka juya wa Malam Aminu baya, har kuna da bakin kiran sunansa? Mu gidanmu Taɓo ne, ɓangaren Malam Aminu, har gobe.

Jikan 'Yan NEPU: An haife ka lokacin? Je ka tambayi babanka wa ya gina makarantu a ƙauyenku.

Ɗan Garejin Mota: Kar ka sake sa ubana a maganarka.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, jama'a. Na karanta komai, kuma abin da ya fito fili shi ne Suwidin da Denmak da Norwe ƙasashen kasuwa ne, kamar yadda Alhaji ya kawo hujja, ɗan'uwanmu na Malmo kuma ya tabbatar. Sai an bar ɗan kasuwa ya nema sannan a samu abin rabawa. Masu cewa gurguzu ba su kawo komai ba sai tsohuwar siyasa. Na rufe wannan maganar, wanda ya ƙara zagi zan cire shi.

Mazaunin Malmo: Shugaba, rabin maganata ka ɗauka. Na ce kasuwa na kawo kuɗin, amma ƙungiyoyin ƙwadago da haraji mai nauyi ne suka kai shi asibiti.

Ɗan Autan Inna: Ni ko sunan me za ku sa masa, ku sa. Yanzu aka sake rubuto mana allurai guda shida, kantin magani na cikin asibitin ya ce babu. Wanda ya san inda zan samu da rangwame a daren nan ya yi min magana ta gefe.