Neman kalma: me za mu kira "perfectionism" da Hausa?

Malam Isiyaku: Jama'a, ana shirya takardar taimakon kai ga masu wannan matsala ta nacewa sai komai ya fita ba aibi, an sa wa matsalar suna "son kamala". Ya kuka gani?

Dakta Binta: Malam, kamala ai yabo ce. Ka ce wa Bahaushe yana son kamala, godiya zai yi maka. Abin da masu bincike Shafran da Cooper da Fairburn suka siffanta a 2002 daban ne: mutum ya rataya darajarsa kacokan a kan mizanin da ya tsawwala wa kansa. In ya gaza, ya yi ta zargin kansa. In ya dace, ya ce da ma abin ba wuya, ya ƙara ɗaga mizanin. Daga nan sai ɗage aiki don tsoron kuskure, sai damuwa.

Habu: Waswasi fa, Dakta?

Dakta Binta: A bar waswasi ga mai maimaita alwala da duba ƙofa sau goma. Sukan haɗu a mutum ɗaya, amma in aka gama su a suna ɗaya za a rikita magani.

Malama Rabi: Ni ƙaƙale nake gani. Telan da ke warware ɗinki sau uku saboda zaren da ba mai lura da shi, ƙaƙale muke ce masa. Kuma tana ɗaukar kashi ukun matsalar da masu bincike Hewitt da Flett suka fitar a 1991: yi wa kai ƙaƙale, yi wa wasu, da zaton mutane na yi maka.

Malam Isiyaku: Amma Malama, wani ƙaƙalen gwaninta ne.

Malama Rabi: Sai a ce "ƙaƙale mai cutarwa". Gwada ta a cikin umarni: "Zaɓi ƙaramin aiki da kake wa ƙaƙale, kamar wasiƙa. Rubuta abin da kake tsoron zai faru, ka ba tsoron maki daga 0 zuwa 100. Ba kanka minti 20, karanta sau ɗaya, aika. Bayan kwana biyu ka gwama hasashenka da abin da ya auku." Inda ake tuntuɓe shi ne farawa da babban aiki, ko mai da gwajin kansa wani sabon ƙaƙale.

Dakta Binta: Ta zauna. A ƙara layi ɗaya: wanda abin ya hana shi barci ko ci, ko yake tunanin cutar da kansa, ya ga likita.

Malam Isiyaku: Madalla. Na goge "son kamala".